Wasiƙa daga Toronto zuwa ga 'yan'uwa a Kaltungo, Billiri da Gombe

Iyayena fastoci da dattawa, iyayena Matan Zumunta, ƙannena matasa, ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Muna nan lafiya, maman yara da yaran suna gaisuwa. Sauran gaisuwar mu bar ta sai mun haɗu a waya, don maganar da ke bakina tana da yawa.

Saƙonninku suna isowa, kuma kusan duka a kan abu uku suke. Wasu na tambayar yadda ake samun bizar Kanada, wasu kuɗin haya da cefane suke son ji, sai kuma matasan ikilisiyarmu da suka rubuto cewa sun ƙudura fita wa'azi ƙauyuka da zarar an gama girbi, in taimaka da kuɗin lasifika da janareto, in kuma gaya musu yadda ake aikin bishara a ƙasar Turawa. Zan taɓa dukansu in Allah ya yarda, amma ta matasan ce ta fi tsaya mini a rai.

Ku san cewa garin nan da nake ciki yana da hannu a tarihinmu. Daga nan Toronto 'yan mishan Walter Gowans da Rowland Bingham suka taso, suka haɗu da wani Ba'amurke, Thomas Kent, suka sauka Legas a watan Disamba 1893. Kafin shekara ta zagayo ciwo ya kashe Gowans da Kent, Bingham kaɗai ya koma gida. Sai 1902 mishan ɗin da suka fara, wadda aka sani da SIM (Sudan Interior Mission), ta samu wurin zama a Patigi ta ƙasar Nufe, sai kuma 1917 John Hall da Gordon Beacham suka iso Kaltungo. To yau a nan Kanada, ƙidayar 2021 ta nuna kashi 53 cikin ɗari ne suka ce su Kirista ne, fiye da kashi ɗaya cikin uku kuwa sun ce ba su da addini ko kaɗan. Akwai wata tsohuwar majami'a ta dutse da nake wucewa ta gabanta, hasumiyarta na nan, tagoginta masu launi na nan, amma an yanka cikinta an mai da ita gidajen kwana, a bakin ƙofar da masu sujada suke shiga dā yanzu akwatunan wasiƙu ne jere. Duk ranar da na wuce wurin sai na tuna kakanninmu da suka koyi karatu a hannun mutanen garin nan, zuciyata ta yi nauyi.

Sai sanyi. Ku da kuke ƙorafin hunturu a watan Janairu kuna hura wuta a tsakar gida, ban san yadda zan kwatanta muku wannan ba. Akwai ranakun da awo yake kaiwa digiri 20 ƙasa da sifili in iska ta taso. Numfashinka yana daskarewa a gashin baki, in ka cire safar hannu don ka amsa waya, kafin ka gama magana yatsun sun daina ji. A Disamba kafin ƙarfe biyar na yamma duhu ya rufe. Mutum zai fito daga gida ya faɗa mota, daga mota ya faɗa wurin aiki, daga can ya dawo ya kulle ƙofa. Babu mai zama a ƙofar gida, babu dandali, babu inuwar da dattawa ke taruwa, babu mai tsayawa a hanya ya tambaye ka gida da gajiya. Wata huɗu ko biyar haka ake yi. Ka tsaya a titi da Littafi a hannu, wa zai tsaya ya saurare ka alhali kunnensa na ciwo don sanyi? Dogayen benayen da yawancinmu baƙi muke ciki kuwa ba a shiga sai wanda ke ciki ya danna maka maɓalli, gidaje da yawa kuma sun manna takarda a ƙofa cewa ba sa son mai talla ko mai roƙo ya ƙwanƙwasa. Lasifika kuwa, ka kunna ta a unguwa da asuba, ƙara za a kai ka. Ko abokinka ba ka faɗo masa haka kawai, sai kun tsai da rana da lokaci tun mako guda kafin nan.

Abin da ya fi cin raina da farko shi ne takardu. Na je wurin shugabannin ikilisiyar da muke sujada na ce ina so in taimaka a makarantar Lahadi, aikin da na saba yi tun ina saurayi a gida. Na ɗauka za a ce madalla, ga aji. Aka ce sai na yi watanni ina zuwa sujada tukuna an san ni. Bayan nan aka miƙo mini fom shafi-shafi, aka nemi sunayen mutanen da za su tsaya mini shaida, aka kuwa buga musu waya ɗaya bayan ɗaya. Aka tura ni neman takardar 'yan sanda, irin ta musamman da ake ba mai aiki da yara da tsofaffi, wadda sai an bincika ko an taɓa kama ka da wani laifi. Na biya kuɗi, na yi makonni ina jira. Da ta fito aka ce saura horo, muka yi yini guda ana karanta mana dokoki: kada babba ɗaya ya kaɗaita da yara, dole ku zama biyu, ƙofar aji a buɗe ko mai gilashi, uwa ta sa hannu in ta kawo yaro, ta sa hannu in ta zo ɗauka, ba ka ɗaukar hoton yaro, ba ka ba shi abinci sai ka duba takardarsa. Ko ƙuli-ƙuli da na so in kai musu su ɗanɗana abin garinmu an hana, domin akwai yaran da jikinsu ba ya karɓar gyada, ƙwaya ɗaya tana iya toshe musu numfashi, har da allurar gaggawa suke yawo a jaka. Duk wannan kafin in buɗe baki in ba yaro labarin Dauda da Goliyat.

Har yanzu ina ganin takardun sun yi yawa, kuma na san mutanen kirki da jiran ya sa suka haƙura. Amma a wurin horon an gaya mana dalili ba ɓoye-ɓoye: an cuci yara a majami'u da makarantun mishan a ƙasar nan, shugabanni suka rufe, kuma da asiri ya tonu mutane da yawa suka juya wa ikilisiya baya gaba ɗaya. Iyayena dattawa, ba na cewa mu kwaso fom ɗinsu. Amma in matasa za su kwana a ƙauye da 'yan mata da ƙananan yara a cikin tawagar, a sa iyaye mata biyu daga Zumunta su bi su, a raba masauki, a san wanda ke riƙe da kuɗi da wanda yake gaya wa abin da aka kashe. Abin kunya ɗaya a ƙauye yana rufe ƙofar da aka yi shekara goma ana buɗewa.

To ta ina ake farawa a wuri irin wannan? Ga abin da na gani da idona. Akwai wani dattijo Bature kusa da inda muka koma da zama, matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna nesa. In dusar ƙanƙara ta sauka nakan ɗauki shebur in share ƙofarmu in wuce in share tasa, don na ga bayansa ba ya miƙewa. Da farko ta taga yake ɗaga mini hannu. Daga baya ya fito da kuɗi, na ce a garinmu ba a karɓar lada a hannun dattijo. Hunturu ya wuce, wani ya zo, sannan ya kira ni shan shayi, kuma shi da kansa ya tambaye ni inda muke zuwa kowace Lahadi da kayanmu masu kyau. Ya ce rabonsa da majami'a tun jana'izar mahaifiyarsa. Yanzu ran Asabar da rana muna zama a teburin kicin ɗinsa, da tabaransa a kan hanci da babban Littafin matarsa wanda ta ja layi a ciki da jan biro, muna karanta Markus sura ɗaya. Yana gardama sosai, musamman kan mu'ujizai. Bai ce ya ba da gaskiya ba tukuna, ni ma ban matsa masa ba. Ina roƙonku ku sa shi cikin addu'ar safe.

Shi ya sa in na tuna gida nake jin kamar ba mu san arzikin da ke hannunmu ba. A Kaltungo ko Talasse ko Bambam ka yi sallama a ƙofar kowa, za a shimfiɗa maka tabarma a kawo ruwa kafin a tambayi abin da ya kawo ka. Muna haɗuwa a suna, a biki, a makoki, a gayya, a kasuwa. Maƙwabtanmu Musulmi suna aiko mana naman Salla, mu ma muna kai musu shinkafar Kirsimeti. Abin da nake yin shekara ina nema a nan, wato mutum ya zauna da ni ya ji ni, ku kuna samunsa kafin karin kumallo. Don haka ƙannena, in kun sami lasifikar, kada ku juya bakinta ƙofar wani, kada a zagi addinin kowa ko abin da yake girmamawa. Ku fara gaida mai gari ku gaya masa abin da ya kawo ku. Bitrus ya ce mu kasance a shirye mu amsa wa duk mai tambayarmu dalilin begenmu, amma da tawali'u da bangirma, yana nan a 1 Bitrus 3. Mutumin da ka kunyata a bainar jama'a ba zai zo ya tambaye ka komai da dare ba.

Iyayenmu sun san wannan. Shirin bishara na Sabon Rai Don Kowa da ya tashi a farkon shekarun 1960, da ƙananan tarukan addu'a a gidaje ya fara, da koya wa kowane mai bi yadda zai faɗi bishara da bakinsa, sannan a fita biyu-biyu. Yau da yawa cikin yaranmu ganguna da waƙa kawai suka sani game da shi. Masu bishara na EMS kuwa, wato ƙungiyar aika masu bishara ta ikilisiyar ECWA, wadda ta girmi ECWA ɗin kanta don ita ECWA sai 1954 aka kafa ta, mutum yakan kwashi iyalinsa ya tare a ƙauyen da bai san kowa ba, ya roƙi gona, ya yi noma tare da su, da yamma ya koya wa yara karatu a gindin bishiya. Shekaru yake yi kafin a yi baftisma ta fari.

Ga abin da ya fi damuna. Mun iya taro. A haska majigi, a yi waƙa, mutum talatin su ɗaga hannu, a rubuta sunayensu a littafin makaranta, a dawo gida ran Lahadi a ba da rahoto ikilisiya ta yi tafi. Littafin nan kuma ya kwanta a durowar sakatare. Wa ya koma ran Laraba? Manomin da ya yi shuka ya tafi bai dawo noman fari ba, ya san abin da zai tarar a gonar. Umarnin da ke Matiyu 28 cewa ya yi a almajirtar, a yi baftisma, a koya musu su kiyaye duk abin da Ubangiji ya umarta, kuma koyarwa tana cin watanni da kuɗin mota da haƙuri. Kafin ku sa ƙafa a kowane ƙauye, ku tsai da mutum biyu da sunansu waɗanda za su riƙa komawa kowane mako har damina ta wuce, har lokacin da rafi yake cika hanya ta yanke. Sabon mai bi ya san gidan da zai je in yana da tambaya. Wanda bai iya karatu ba a buɗe masa aji. Muna da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa tun 1932, yanzu kuma ana iya sa wa mutum na saurare a katin wayarsa. Sannan ku yi wa kanku tambayar da ba a so a yi: in aka kori wani daga gidansu saboda ya bi Yesu, a ɗakin wa zai kwana, wa zai ci da shi, wace sana'a za a koya masa? In ikilisiya ba ta zauna ta amsa wannan ba, a ɗage tafiyar har ta amsa. Kuma tun daga wata na fari a nuna masa yadda shi ma zai gaya wa ɗan'uwansa, yadda Andarawas ya je ya kawo Siman, yadda Bulus ya ce wa Timoti ya danƙa abin da ya ji ga amintattun da za su koya wa wasu.

Maganar biza tana bukatar tata wasiƙar. Abu ɗaya kawai: kada ku biya kowane ɗan kamasho da ya ce zai samo muku takardar gayyata daga wata majami'a a nan. In aka kama ƙarya a fom ana hana mutum shiga Kanada shekara 5, kuma bai dace da mai bi ba ko da ba a kama shi ba. Haya da cefane kuwa suna da tsada ƙwarai, mu bar shi a nan.

Kuɗin zan turo ta hannun ma'ajin ikilisiya a ƙarshen wata. Lasifika ku ari ta Matan Zumunta in iyayenmu sun yarda. Abin da zan aiko a raba shi: man babur na masu komawa, Littattafai na Hausa, da allo da alli na ajin karatu. Shugaban matasa, ka turo mini sunayen ƙauyukan da na mutum biyu-biyun da za su riƙe kowanne, ni da maman yara za mu riƙa ambatonsu cikin addu'a kowane dare.

Ɗan'uwanku cikin Almasihu,
daga Toronto.