Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ashe Ba Bahago Ba Ne

Makon jiya na tsaya a komawata ɗakina a Gwammaja bayan arba'in.

Yaron yana wata biyar na fara lura. Duk abin da na miƙa masa, hagu yake kawowa. Hannun dama kullum a dunƙule, babban yatsa a ciki, sai na ɓamɓare yatsun wajen wanka in cire zaren da ya taru a tafin. Na gaya wa Hajiya, ta yi dariya: "Ke dai akwai tsoro! Bahago ne, kakansa ya ɗauko." Na ja bakina. Ɗan fari ne, ko sunansa ba na kamawa a gabanta, ina ni ina musu?

Sai da ya yi jijjiga wata asuba, ƙafa da hannun dama suna karkarwa, sannan muka tari adaidaita zuwa Asibitin Malam Aminu Kano.

Likitar ta zagaya kansa da tef ta rubuta. Ta ce jariri ba ya zaɓen hannu kafin ya shekara. In ya zaɓa, ɗayan ne ke da rauni. Da yake maɗigarsa ba ta rufe ba, ta nan aka shafa man nan mai sanyi aka yi sikanin, daga baya aka yi hoton ƙwaƙwalwa na MRI. Na ga abin da idona: wani gurbi a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwarsa, cike da ruwa. Forensefali, in ji ta. Jini ne ya yanke wa wurin, ko ya zuba, tun yana ciki ko dab da haihuwa; naman ya mutu, ruwan ƙwaƙwalwa ya maye gurbinsa. Kuma hagun ƙwaƙwalwa ce ke juya daman jiki.

Maigida ya ce, "Likita, ba za a zuƙe ruwan ba?"

"Alhaji, ko an zuƙe, naman ba zai tsiro ba. Sai in ruwan ya fara matsa ƙwaƙwalwa kan yana girma, a nan ake sa siririyar roba daga kai zuwa ciki."

Abin da aka ɗora mana: maganin farfaɗiya safe da dare ba fashi, awon kai duk zuwa, da gashi, wato motsa masa gaɓoɓi. An koya min yadda zan riƙe masa hagun da wasa, in sa kacau-kacau ta dama.

Muna shiga gida muka tarar Hajiya na jiranmu a tsakar gida, da kwanon rubutu da garwashin hayaƙi.

Mu haɗu mako mai zuwa.