Daga waƙar opera zuwa jaz

Mawaƙin da ya taso a horon opera, wato wasan kwaikwayon Turawa da ake rerawa, in ya koma jaz, salon kiɗan da ya samo asali daga baƙaƙen Amurka, makirufo ne ke fara tona masa asiri. An koya masa cika zaure da murya ba na'ura, a nan kuwa ƙarfin yawa yake yi. Sai ya sauko kusa da muryar magana, ya adana karkarwar murya sai ƙarshen dogon sauti. Sarrafa numfashi kam kada ya yar, jarinsa ne.

Mawaƙiya Cécile McLorin Salvant, 'yar Amurka, ta bi wannan hanya a Faransa, ta ci gasar jaz ta Thelonious Monk a 2010.

Wahalar tana wajen kiɗa. Mawaƙin opera ya saba bin takardar kiɗa daidai, yanzu ana so ya ɗan jinkirta bayan bugu. Sai ya fara da blues, salon waƙar baƙaƙen Amurka mai zagayen gaɓar kiɗa 12, ya haddace da kunne.