Wata tara na yi a rihab

Ranar da yayana ya kai ni rihab, gidan da ake raba mutum da shaye-shaye, ni a tunanina sati biyu ne, a wanke min jini in fito shikenan. Wata tara na yi.

Tiramol da kodin nake sha, da daddare kuma in ɗora giya. Kwanakin farko wallahi ban san inda kaina yake ba, ga zufa ga makyarkyata ga gudawa, ƙasusuwa kamar ana sara, bacci kuwa ya ƙi zuwa sam. Likitan ma giyar ta fi damunsa, ya ce wanda jikinsa ya saba da ita in ya yanke lokaci ɗaya zai iya faɗuwa kamar mai farfaɗiya ko ya fara gane-gane, musamman a kwana na 2 zuwa na 3, har mutuwa ana yi, shi ya sa suka ɗora ni kan magani suna ragewa a hankali. Duk mai ce maka ka kulle kanka a ɗaki ka daure, kar ka biye masa.

Ashe wannan shi ne mai sauƙin. Da jiki ya lafa sai wuni ya ƙi ƙarewa, ba waya, ƙarfe 6 an tashe ka, shara, wanki, sai zaman da'ira kowa ya faɗi nasa. Wata biyu ina zabga musu ƙarya wai abokai ne suka lalata ni, har ranar da wani dattijo da giya ta raba shi da iyalinsa ya dube ni ya ce, "Ɗana, su suke ɗura maka?" Na ji haushinsa ba kaɗan ba, amma na rasa amsa.

A wata na uku na haɗa kaya zan tafi, mai ba mu shawara ta ce ƙasa da kwana 90 ba kasafai yake riƙe mutum ba, ni kuma sai yanzu na fara faɗin gaskiya. Na zauna dai, ina kumbure-kumbure.

Kafin sallama abin da suka fi nanata mana shi ne jiki ya manta adadin da ya saba, in ka koma ka sha irin na da numfashi zai iya tsayawa. Wanda muka kwana ɗaki ɗaya haka ya tafi, sati uku da fitarsa. Ranar da na ji labarin na karya tsohon layina, kuma har yau duk sati sai na je zaman.