Gwaggo ta ga Ka'aba a cikin akwatin kwali

Bana Gwaggo ta samu kujerar Makka, ita da ba ta taɓa wuce Kano ba. Cunkoso ne ke damunta: ta ina ake fara ɗawafi, ta wane gefe ake bi? Ni kuwa ina da wani akwatin kwali mai gilasai biyu da abokina, ɗalibi a Jami'ar André Salifou, ya bar mini, irin wanda Google ya fitar a 2014 da sunan Cardboard. Salula ake zurawa ciki a kara a ido. Allon ya rabu biyu, kowane ido da nasa hoton, sai ƙwaƙwalwa ta haɗa su ta ga zurfi. In ka juya kai, hoton ya juya tare da kai.

Ba kowace salula ke yi ba. Sai mai jairoskop, ƙaramar na'urar da ke jin motsi. Tawa babu, sai aro na yi a fadarmu ta samari da ke unguwar Birni. Bidiyon Harami mai kusurwa 360, wato mai nuna kowane gefe, kuwa da dare na sauke shi, don yana cin intanet ba kaɗan ba.

Da na kara mata, sai ta ce, “Kai ɗan nan, riƙe ni!” Ta miƙe za ta bi mutane, jiri ya ɗebe ta. Dalili kuwa, ido na cewa tafiya ake, kunnen ciki mai kula da daidaiton jiki na cewa a tsaye ake. Tun daga nan a kan tabarma take kallo, kaɗan-kaɗan, da la'asar, don zafin Damagaram na sa salular ɗaukar zafi har ta tsaya. A haka ta gane kusurwar Hajarul Aswad da koriyar fitilar da ke nuna mafari, ta riƙe cewa Ka'aba a hagu take har zagaye bakwai. A ganina amfanin abin ke nan, fiye da wasa. Da irinsa ake horar da matuƙan jirgi da likitocin tiyata.

Samarin fada su wasa suke so. Wannan sai Quest, na'urar da ake sawa a ido ta kamfanin Meta (Facebook a da), wanda ya sayi Oculus, masu ƙera irin wannan na'ura, a 2014 kan kusan dala biliyan 2 na Amurka. Quest ba ya buƙatar salula, amma batirinsa awa biyu ne da ɗoriya, ga tsada, ga ɗauke wuta a bazara.