Yadda nake farautar abin da ke cinye RAM a Arduino Uno

Matsala mafi wahala a aikin maikurokanturola, wato ƙaramar kwamfuta a cif guda, ita ce wadda ba ta bayyana sai na'ura ta yi awoyi tana aiki lafiya lau, sannan ta tsaya cak, ko ta sake tashi da kanta, ko ta fara fitar da haruffa marasa ma'ana. A kan allon Arduino Uno R3, wanda cif ɗinsa ATmega328P ke da bayit 2048 kacal na RAM, wato wurin ajiyar bayanai na wucin gadi, wurin ajiya nake fara tuhuma kafin wayoyin haɗi ko wutar lantarki.

Wannan ɗan fili kashi uku ne. Bayanan dindindin suna ƙasa, a samansu akwai rumbun aro inda malloc, umarnin aron wuri a yaren C, ke yankar wuri yana hawa sama, shi kuwa sitak, inda ayyukan shiri ke ajiye bayanansu na ɗan lokaci, yana saukowa daga ƙarshe duk lokacin da aka kira wani aiki. Babu abin da ke hana sitak tsallake iyakar da ke tsakaninsa da rumbun, don haka idan suka haɗu sai ɗaya ya rubuta a kan ɗaya, alamar kuma ta ɓulla a layin shirin da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Adadin da manhajar Arduino ke nunawa bayan harhaɗa shiri yana ruɗin mutane, domin bayanan dindindin kawai yake ƙirgawa. Ƙaramin allon nuni na SSD1306 mai ɗigo 128 sau 64 yana buƙatar bayit 1024, kuma laburaren da aka fi amfani da shi, wato shirin da ke sarrafa allon, yana aro su ne bayan na'ura ta tashi, don haka ba sa cikin lissafin. A ƙara 512 na katin SD da 128 na Serial, hanyar musayar bayanai da kwamfuta, saura 384 ga komai da komai.

Wanda ya fi ɓarna a ganina shi ne String, nau'in da Arduino ke ajiye rubutu da shi. Duk ƙarin rubutu yana iya neman sabon wuri ya bar tsohon, har rumbun ya cika da ƙananan ramuka waɗanda jimillarsu ta isa amma babu guda ɗaya da zai ɗauki buƙatar, kuma idan aron ya gagara ba ya kuka.

Maimakon zato, aunawa nake yi. Da na'ura ta tashi, nakan cike filin da ke tsakanin rumbu da sitak da lamba ɗaya, misali 0xA5, in bar ta ta yi aiki, sannan in ƙirga bayit nawa ba a taɓa ba. Da irin wannan dabarar FreeRTOS, manhajar tafiyar da ƙananan na'urori, ke auna zurfin sitak. Idan ragowar ta yi kaɗan, rubutun da ba ya canzawa ya shiga umarnin F() domin ya zauna a filas, ma'ajiyar da shirin kansa ke zaune, String kuma a maye gurbinsa da jerin haruffa (char) mai ƙayyadadden tsawo tare da snprintf, umarnin da ke rubutu a ciki ba tare da wuce tsawon ba.

Wasu na ganin guje wa malloc tsauri ne, amma dokoki goma da Gerard Holzmann na cibiyar JPL ta NASA ya wallafa a 2006 sun hana aron wuri bayan shiri ya gama tashi, ƙa'idar MISRA C ta 2012 da masana'antar motoci ke bi kuwa ta hana malloc da free gaba ɗaya.