Fomalin ya cinye mini shekarun kifi uku

Har yau in na buɗe kabad ɗin ɗakin gwaji na ga kwalaben nan uku, sai raina ya sosu. Kifayen suna nan cikinsu kamar ba abin da ya same su, amma abin da na sayo su dominsa, wato dutsen kunnensu da ake gane shekarun kifi da shi, ya riga ya lalace, kuma da hannuna na lalata shi.

Kifin shi ne Pleuronectes platessa, wanda Turawan Ingila ke kira plaice, shimfiɗaɗɗen kifi mai kwanciya a kan yashin ƙasan teku. Ya fi yawa a Tekun Arewa, tsakanin Ingila da Holan da Jamus da Denmak, galibi a zurfin mita 10 zuwa 50. A Kaduna ba a ganinsa a teburin masu kifin ƙanƙara, can sai titus da shawa da kote. Sai da na yi wata biyu ina bin wani dila kafin ya samo mini guda huɗu daga Legas da kawunansu, domin yawanci tsokar kawai ake shigowa da ita. Daga aljihuna na biya.

Abu biyu nake son 'yan SS2 su gani da idonsu. Na farko idanun. Kifin nan yana zuba ƙwai a tsakiyar hunturu, daga Janairu zuwa Maris, lokacin da sanyin ruwan yake wajen digiri 6. Ƙwan, wanda faɗinsa wajen milimita 2 ne, yana yawo a saman ruwa mako biyu zuwa uku kafin ya ƙyanƙyashe. Ɗan da ya fito yana iyo a tsaye, ido ɗaya dama ɗaya hagu, kamar ɗan karfasa. Sai tsawonsa ya haura santimita 1 sannan idon hagu ya fara tafiya, ya bi ta saman kai ya koma kusa da na dama, ƙashin kan ya murɗe tare da shi. Daga nan kifin ya sauka ƙasa ya kwanta a kan gefen hagu, gefen ya zama fari fat, na daman kuma ruwan ƙasa da ɗigo-ɗigon ruwan lemo. Babbansa ba shi da jakar iska, tunda a ƙasa yake zaune yana cin tsutsotsin yashi da ƙananan halittu masu ɓawo biyu. Yara kan ɗauka a kan cikinsa yake kwance. Da sun ga bakin a karkace, sun ga inda hanjin yake a gefe guda, sai su gane a kan haƙarƙarinsa yake.

Na biyu, wanda shi ne ainihin darasin, dutsen kunne, wani ɗan ƙaramin dutse da ke cikin kan kifi. Kifi mai ƙashi yana da uku a kowane gefen kai, babban cikinsu shi ake karantawa. A kifi mai santimita 30 bai kai ƙwayar wake ba, fari ne, siriri kamar ɓawon kabewa. Da bazarar can, lokacin da abinci ya wadata, dutsen yana ƙara zobe mai kauri fari. Da hunturu kuma zobe siriri mai ratsa haske. Ka ƙirga zobban hunturu ka sami shekarun kifin. A kan wannan kifin ne ma Johannes Reibisch, masani Bajamushe, ya nuna hanyar a 1899.

Kifin ya iso ana saura kwana uku a tafi hutu, a tsakiyar zafin Maris, ga wuta sai an ga dama. Na ji tsoron firiza ta saki su ruɓe kafin a dawo. Sai na yi abin da muke yi wa kwaɗo da ƙadangare: na ɗauko fomalin, maganin da ke hana nama ruɓewa, kashi ɗaya cikin ruwa kashi tara, na tsaga cikin kowanne kaɗan don maganin ya shiga, na nutsa uku. Na huɗun ya fi bakin kwalba faɗi, shi ya sa kawai ya tsira. Baba mai kula da ɗakin gwajin ya ce, "Malam, kawo wannan in kai wa mai ƙanƙara na unguwarmu, shi injinsa ba ya mutuwa." Allah ya saka masa da alheri.

Bayan mako biyar na buɗe kan na farko. Matsefata na taɓa dutsen sai ya marmashe kamar jiƙaƙƙen alli. Na biyu ya fito, amma gefensa ya zaizaye, fuskarsa ta yi gari-gari, ba zobe ko ɗaya da za a nuna wa yaro. Na uku ban sami komai ba sai ɗan farin laka a cikin jakar.

Dalilin a fili yake, kuma na san shi tun ina ɗalibi, shi ya sa abin ya fi ci mini rai. Dutsen kunne sinadarinsa ɗaya da na ɓawon ƙwai, asid yana narkar da shi. Fomalin kuwa in ya daɗe, musamman a zafi da haske, wani ɓangarensa yana juyewa ya zama asid irin na cizon tururuwa. Galan ɗinmu ya shekara nawa a gindin taga yana shan ranar Kaduna. Da na tsoma takardar gwajin asid a ruwan kwalbar, nan take shuɗiyar ta koma ja. Gwajin da bai kai minti ɗaya ba, da na yi shi tun farko da ban yi wannan asarar ba. Ana zuba wa fomalin wani farin garin sinadari, boraks, don a kashe kaifinsa, kuma ya kamata a yi hakan ga duk abin da ke da ƙashi, amma ko mai boraks ɗin ban yarda a bar dutsen kunne a ciki ba. A cire shi tukuna, sannan a jiƙa gangar jikin. Ƙanƙara ba ta yi masa komai, ko kifin ya narke ya sake daskarewa. Tsoron da ya sa na yi gaggawa ma bai shafi dutsen ba sam: ko da naman ya fara wari, dutsen yana nan garau.

Ga yadda na bi da na huɗun. Na bar shi ya saki a hankali cikin firij dare ɗaya, ba a ruwan zafi ba. Na auna shi daga baki zuwa ƙarshen wutsiya, santimita 31. Na kwantar da shi gefen idanu a sama. Bayan idanun akwai jerin ƙulluttan ƙashi, huɗu zuwa bakwai, waɗanda yatsa ke ji sarai, kuma da su ake bambanta shi da danginsa. Na sa wuƙa mai kaifi daf da bayan ido na sama, na yanka ƙashin kai, na lanƙwasa kan ƙasa har ƙwaƙwalwa ta bayyana. Duwatsun suna ƙasanta ta baya, kowanne cikin 'yar jakarsa. Kada a zurfafa wuƙa, nan ake raba dutsen biyu. A ɗaga shi da matsefata ta gefe, a murza shi a hankali cikin ruwa har yanar ta fita, a shanya a inuwa, a sa a ambulan na takarda, a rubuta tsawon kifin da gefen da aka ciro shi. Rubuta gefen yana da amfani, domin murɗewar kai ta sa biyun ba su zama iri ɗaya ba: na gefen da ba ido cibiyarsa ta fi kusa da tsakiya, zobbansa sun fi sauƙin bi.

Wajen karantawa, baƙin murfin kwalba ya ishe ni. Na zuba ruwa ya rufe dutsen, na haska tocilan waya daga gefe, ba daga sama kai tsaye ba, na duba da gilashin ƙara girma mai ninki goma. A kan baƙi zobban bazara fari suke fitowa, na hunturu kuma duhu. Na sa yara su ƙirga ɗaya bayan ɗaya, kowa ya rubuta nasa a ɓoye. Mafi yawansu huɗu suka samu, kamar yadda na samu. Waɗanda suka ce biyar sun haɗa da wani siririn layi da bai zagaye dutsen gaba ɗaya ba, irin wanda kan fito in girman kifi ya ɗan tsaya a tsakiyar shekara, kuma ba a ƙirga shi.

Amma yara arba'in da ɗoriya a kan duwatsu biyu, layi har bakin ƙofa, alhali da duka kifayen huɗu sun tsira da duwatsu takwas ne a teburi huɗu, kuma da sun kwatanta ƙaramin kifi da babba sun ga yadda zobba ke matsewa yayin da kifi ke tsufa. Wannan kwatancen ne ban samu ba bana. Ambulan ɗin yana cikin durowata a kulle, galan ɗin fomalin kuma na ɗauke shi daga taga, na manna masa takarda da ranar da na gwada shi.