Da wane littafin Hausa za a fara, kuma yaya za a kai ƙarshensa?

Wanda ya daɗe bai riƙe littafin Hausa ba, yana kuma son komawa karatu, shawarata ita ce ya fara da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam. Ɗan siriri ne, mai karatu a tsanake zai gama shi a zama biyu ko uku, kuma wanda ya ga ƙarshen littafi ɗaya shi ke samun ƙarfin gwiwar ɗaukar na biyu. Sau da yawa masu cewa karatu ya gagare su da ƙaton littafi suka fara, suka maƙale a tsakiya, daga nan suka yanke wa kansu hukuncin cewa su ba ma'abota karatu ba ne. Ban da gajarta, labarin ba ya barin mutum ya yi gyangyaɗi. Jarumin labarin, Alhaji Imam, ya fita neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, a hanya yana ta karo da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, yau wannan ya shirya wa wancan tuggu, gobe wancan ya rama.

Littafin ya fito a 1934, bayan gasar da wani Bature, Rupert East, ya shirya a 1933 daga hukumar fassara da talifi ta Zariya. Daga wannan yunƙuri aka samu ƙagaggun labarai biyar: Ruwan Bagaja, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Duka gajeru ne. Idan za a bi su, a bi bayan Ruwan Bagaja da Shaihu Umar, domin shi ne mai nauyi a zuciya cikinsu: yaro da aka sace, cinikin bayi ta hamada, da uwa da ta bi sawun ɗanta har ƙasashen Larabawa. Harshensa a natse yake, ba ado da yawa, shi ya sa abin ke shiga jiki. Jiki Magayi labarin ramuwar gayya ne a kan mace da mai kuɗi ya ƙwace wa talaka. Ganɗoki kuwa a bar shi ƙarshe. Farkonsa yaƙin Turawa ne da kirarin mazaje, sai daga baya ya faɗa duniyar aljanu, kuma wanda bai saba da tsohuwar Hausa ba zai iya gajiya a nan.

Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1937, shi ne littafin da na fi so, kuma shi ne aka fi karantawa ba bisa ƙa'ida ba. Juzu'i uku ne. Mutane da yawa sun san shi ne ta ɗai-ɗaikun labarai da aka tsinto musu a makaranta, irin su Kalala da Kalalatu, ba su taɓa bin zaren da ya ɗaure labaran ba. A na ɗaya, aku ne ke riƙe Musa ɗan sarki da labari dare bayan dare don kada ya fita ya faɗa tarkon waziri. A na biyu gasar ba da labari ce tsakaninsa da wani akun. A na uku, aku ya zama waziri, yana koya wa ɗansa Fasih dabarun zaman duniya. Wanda ya tsallake hirar da ke tsakanin labari da labari ya bar rabin daɗin a baya, domin kowane labari amsa ce ga wani abu da ya faru a wannan hirar, kuma a nan ake ganin wayon akun.

Yadda ya fi dacewa a karanta shi, labari ɗaya ko biyu a dare. Masu haɗiye juzu'i guda a wuni ɗaya sukan wayi gari labaran sun cakuɗe musu, ba su iya tuna wane sarki ne ya yi me. Imam ya ɗebo wasu labaran daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Turai da na wasu ƙasashe, ya sa musu sunaye da garuruwa da halayen Hausawa har ba a gane baƙi ne. Mai son koyon rubutu ya tsaya a kan wannan: ya lura da yadda ake buɗe labari da jimla ɗaya, yadda magana ke fita daga bakin bafade daban da ta malami, da yadda karin magana ke zuwa a wurin da ake bukatarsa ba tare da an jawo shi da ƙarfi ba.

Idan yara za a karanta wa, babba ya riga su karanta labarin shi kaɗai, don akwai masu kisa da mugunta da ba su dace da ɗan shekara 6 ba. Bayan an karanta, a ce yaron ya maimaita labarin da bakinsa. A nan ake gane kalmomin da suka wuce shi.

Akwai wani rukuni da ake yawan tsallakewa, ana tashi daga Imam kai tsaye a dira kan littattafan soyayya na Kano, kuma wannan tsallaken asara ce. Ina nufin littattafan farkon shekarun 1980. Gasar kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya ta fitar da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, da Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta, duka a 1980. Sai gasar hukumar al'adu ta tarayya da ta kawo Turmin Danya na shi Sulaiman Ibrahim Katsina, da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, da Tsumangiyar Kan Hanya na Musa Muhammad Bello a 1982. A waɗannan ne labarin Hausa ya sauko daga fadar sarki da duniyar aljanu ya shiga tasha da ofis da kan iyaka. Turmin Danya yana kan fasa-ƙwauri da cin hanci. Ƙarshen Alewa Ƙasa yana kan ta'addancin da ya biyo bayan yaƙin basasa, kuma duk mai kallon halin da karkarar Arewa ke ciki yau zai karanta shi da faɗuwar gaba. Shi ne na fi matsa wa mutane su nema a wannan rukuni, sai dai ba na yara ba ne.

Daga nan sai adabin kasuwar Kano, inda marubuta suka riƙa buga littattafansu da kuɗinsu. Yawansu ya fi ƙarfin mutum ɗaya, don haka sai da zaɓi. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, na 1991, shi ne ƙofar shiga ga mai son ya ga abin da ya ja hankalin matasan wancan lokaci. Amma wanda ke son ya ga cikin gidan Bahaushe kamar yadda yake, da kishi da saki da ɗawainiyar 'ya'ya a wuyan uwa, ya nemi Alhaki Kwikwiyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, sannan Wa Zai Auri Jahila? wanda ya taɓo auren dole da karatun 'ya mace. Allura Cikin Ruwa na Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa da 'Yartsana na Ibrahim Sheme su ma sun cancanci wuri a kanta. Masu yi wa wannan adabi kuɗin goro, su ce duk shirme ne, galibi ba su karanta waɗannan ba.

Rubutattun waƙoƙi kuwa, kuskuren da ake yi shi ne karanta su da ido kamar jarida. An tsara su ne don a rera. Imfiraji na Aliyu Namangi ya shiga kunnen mutane ta bakin makafi masu rera shi tun kafin su gan shi a takarda. Haka waƙoƙin Sa'adu Zungur da na Mu'azu Haɗeja da Fasaha Aƙiliya na Aƙilu Aliyu. A ɗauki baiti 5, a ɗaga murya, a maimaita har karin ya zauna a baki, sannan a koma neman ma'ana. Wanda ya fara da farautar ma'anar kowace kalmar Larabci da ke ciki zai gaji kafin ya ji daɗin waƙar.

Ɗaga murya yana da amfani ko a zube. Rubutunmu na boko ba ya nuna tsawon wasali ko hawa da saukar murya, don haka wanda ya saba da karatun Turanci kawai idonsa kan yi tuntuɓe a Hausa, ya ɗauka shi ne bai iya ba. Mako ɗaya ko biyu na karatu a bayyane, ko da shafi 2 ne a rana, yana warware wannan.

Game da lokaci, tsarin makarantar zaure ya riga ya nuna hanya: ƙari kaɗan kullum, da bita kafin ƙari. A ware minti 20 a lokaci guda da ba ya canzawa, bayan sallar asuba ko bayan isha'i, a koma baya shafi ɗaya a tuna inda aka kwana, sannan a ci gaba. Shafi 10 a rana shafi 300 ne a wata, wato tsofaffin littattafan Zariya uku ko huɗu. Abin da ke rusa wannan tsari guda biyu ne: ajiye waya kusa da hannu, da fara littafi uku a tare. A riƙe ƙagaggen labari ɗaya, in an so a haɗa da waƙa a gefe. Littafin da aka kai shafi 40 bai kama mutum ba, a ajiye shi a ɗauki wani, wataƙila lokacinsa ne bai yi ba.

A tanadi ƙaramin littafin rubutu da fensir. Kalmar da ba a gane ba a ja mata layi a wuce, sai an kai ƙarshen babi a duba su gaba ɗaya, domin tsayawa a kowace kalma yana kashe labari. Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero, na 2006, yana bayani da Hausa, shi ya fi dacewa da wannan aiki. Ga tsofaffin kalmomi na sarauta da yaƙi da sana'a, ƙamusun Bargery na 1934 har yanzu yana da amfani. Wani lokaci kuma tambayar dattijo a gida ta fi duka biyun, don shi zai haɗa maka da misali.

Wajen saye a yi hattara. Littattafan kasuwa akan buga su a manyan falle a naɗe, sau da yawa shafi 16 a kowane falle, kuma wajen haɗawa akan manta da falle guda ko a sa ɗaya sau biyu. Kafin a biya kuɗi a bi lambobin shafi, musamman daga 16 zuwa 17 da 32 zuwa 33. A duba ko tawada ta dushe a tsakiya. Idan labarin kashi-kashi ne, na 1 da na 2 da na 3, a tabbatar duka suna hannun mai shago, saboda akwai labaran da aka fitar da farkonsu ƙarshen bai taɓa fitowa ba. Wannan matsala ta bi mu har waya. Labaran da ake saki shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad wasu na tsayawa a hanya, wasu kuma ana jan su don kada masu bi su watse. Dabarar ita ce a jira marubuciya ta kammala, a saya daga hannunta, a sauke, a kashe data, sannan a karanta. Kwafin da ake yawo da shi kyauta a guruf galibi na sata ne, kuma sau da yawa an yanke shi. Mai karatu a waya kaɗai ya riƙa komawa littafin da edita ya duba lokaci-lokaci, in ba haka ba idonsa zai saba da rubutun da ba ƙugiya a ɗ da ƙ da ɓ, da raba kalma inda bai dace ba, har ya zo ya ɗauka haka ƙa'idar take.

Ajiya ma aiki ce. Gara ita ce babbar abokiyar gaba, sai kyankyaso da ɓera da danshin damina. Kada littafi ya taɓa ƙasa ko ya jingina da bango, a bar tazarar tafin hannu. Busasshen ganyen darbejiya ko ƙwayar kafur a kusurwar kanta na rage ƙwari. Akwatin ƙarfe yana tsare ɓera amma yana riƙe danshi, don haka a riƙa buɗe shi ana shanya littattafan a inuwa idan damina ta yi nisa. Leda tana sa takarda gumi, ba wurin doguwar ajiya ba ce. Littafin da ya jiƙe kada a kai shi rana, zai kumbura ya lanƙwashe. A sa farar takarda tsakanin shafuka, a danne da abu mai nauyi, ana canza takardar. Ƙusar da aka ɗinke littattafan kasuwa da ita tana tsatsa ta ci takarda, gara a cire ta a ɗinke da zare da allura. Salatif kuma yana yin ja ya bar tabo, farin gam na kafinta ya fi shi wajen gyaran bango.

Aro shi ne ya fi gara cinye littattafan mutane. A rubuta suna a ciki, a rubuta wanda ya karɓa da ranar a littafin rubutun nan, kuma kada a ba da juzu'i na biyu sai na farko ya dawo. Littafin da ba a sake bugawa, irin wasu na 1980 zuwa 1982, ba na bayarwa ba ne, mai so ya zo ya karanta a gida.

Samun waɗannan tsofaffin shi ne mai wuya. Littafin da ya shiga manhajar jarrabawa akan sake buga shi, a same shi a shagunan littattafan makaranta a Kano da Zariya da Kaduna. Sauran sai a tambayi masu sayar da tsofaffin littattafai, ko malaman Hausa na sakandare da suka daɗe a aiki, ko a je ɗakunan karatu na jami'o'in da ke da sashen Hausa, kamar Bayero a Kano, da Ahmadu Bello a Zariya, da Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. A je da sunan littafi da na marubuci da shekarar bugu a rubuce, domin da su ma'aikacin laburare zai gano kantar da yake.